Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Fastoci da Dattawan Gundumarmu: Wa Zai Tsaya Wa Wanda Ba Shi da Dangi?

Iyayenmu cikin Ubangiji, Baba Shugaban Majalisa, fastoci da dattawa,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya hidima, yaya iyali? Allah ya ƙara muku lafiya da hikima a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni ɗanku ne. Ɗaya daga cikinku ne ya yi mini baftisma a rafi, wani kuma ya ɗaura mini aure. Shekara 17 ke nan ina koyar da ajin baftisma a majami'armu. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, amma maganar da ke ciki ta mutane da yawa ce. Akwai gwauraye daga Zumuntar Mata waɗanda ke tsayawa ƙarƙashin darbejiya bayan sujada su faɗi abin da ba sa iya faɗa a ciki. Akwai matasa, akwai ma'aikatan da aiki ya kawo su garinmu, akwai kuma waɗanda suka ba da gaskiya daga gidajen da ba na Kirista ba. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: babu ɗan gidansu a zaman majalisa. Sau 2 na aiko da takarda ta hannun magatakarda, ban ji amsa ba, shi ya sa na fito da ita fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A zamanku na ƙarshe kun yanke cewa maganar da aka kawo muku daga majami'armu ta cikin gida ce, a bar dattawan gidan su sasanta ta. Wannan hukunci ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kun san maganar, amma bari in faɗe ta kamar yadda na gan ta.

Yarinya ce marainiya, uwarta na soya ƙosai a bakin kasuwa. Ta yi ciki. Ranar Lahadi bayan sanarwa aka kira sunanta, ta miƙe a gaban jama'a, aka ce an sa ta horo: ba jibin Ubangiji, ba ƙungiyar mawaƙa, ta koma bencin baya. Ina zaune a layi na uku. Na ga yadda ta kama bakin zanenta tana murzawa har aka gama karanta takardar, uwarta kuma ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Yaron da ya yi mata cikin ba wanda bai san shi ba, shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar matasa, ɗan ƙanen wani dattijo ne. Tun kafin Lahadin aka sa shi a motar asuba zuwa wurin kawunsa a birni. Da Kirsimeti ya dawo da sabbin kaya, ya shiga layi ya ci jibin Ubangiji, ba wanda ya ce masa uffan.

Ban zo in soki horo ba. Horo magani ne, na ga mutanen da ya warkar. Amma ku da kanku kuka koya mana cewa a Yahaya sura 8 an jawo mace ita kaɗai gaban Yesu, alhali shari'ar Musa da masu ƙarar ke riƙe da ita ta ambaci namijin da macen duka. Mun yi shekaru muna wa'azi a kan munafuncin waɗancan mutane, sai ga shi mun maimaita aikinsu a gaban 'ya'yanmu. Mako guda bayan haka wani yaro a ajina ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, zunubi yana duba gidan da mutum ya fito ne?" Na ce a'a. Ya yi shiru, amma na ga bai yarda ba, domin abin da idonsa ya gani ya fi bakina ƙarfi.

Na san abin da aka faɗa a zauren gidan dattijon nan, domin irinsa ake faɗa a kowane zaure: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne, ba mai son a yar da yaron. Amma hannun da ya ruɓe wanke shi ake yi a sa masa magani, in aka cusa shi cikin riga don kada a gani, jikin duka zai kama. Ku tuna da Eli. Bai taɓa sa cokali a tukunyar hadaya da hannunsa ba, ya ma kira Hofni da Finehas ya yi musu faɗa da baki. Duk da haka laifin da Allah ya ɗora masa a 1 Sama'ila 2:29 shi ne ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah, don ya bar su a kan aikin. Tsoho mai shekara 98, wanda ya shugabanci Isra'ila shekara 40, ya rasa 'ya'yan biyu a rana ɗaya, aka ƙwace akwatin alkawari, shi kuma ya faɗo daga kujera ya karye wuya. Abin da ya yi don ya kare gidansa shi ya rushe gidan. Yaron nan da aka ɓoye a birni ba a yi masa gata ba, an hana shi zarafin tuba ne.

Magana ta biyu ita ce kuɗi. An tara kuɗin sauya kwanon rufin majami'a, mata suka sayar da gyaɗa da kaji, manoma suka kawo buhunan masara bayan girbi. Damina 2 ta wuce muna jan benci gefe muna tara roba inda ruwa ke zuba. Da aka nemi lissafi, sai aka ce ma'aji ya ranta wa wani ɗan'uwansa kuɗin don wata matsala ta gida, zai mayar. Mai binciken lissafin kuwa surukin ma'ajin ne. Wanda ya miƙe ya tambaya a taron membobi, sai aka ce masa yana son tona asirin gidan mutane. Yanzu ku duba kwandon baiko ku gani. Matan da ke ba da ushirinsu da aminci sun fara kai shi hannu da hannu ga marasa lafiya, sun ce gara su ga inda ya tafi. Manzo Bulus, da duk amincinsa, bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Mu kuwa mun bar maɓalli da littafi da bincike duk a tsakar gida ɗaya.

Tushen wannan duka yana wurin zaɓen dattawa. Ranar zaɓe muna yin addu'a mu ce Ruhu Mai Tsarki ya bi da mu, alhali an gama zaɓen tun daren Asabar a zauruka. Kowane babban gida ya tara mutanensa, har da waɗanda rabonsu da sujada tun Ista, a ce musu ga wanda za ku jefa wa ƙuri'a, kujerar gidanmu ce. Wani gidan hujjarsa ita ce kakansu ne ya ba da filin da aka gina majami'a. Allah ya saka wa kakan da alheri, amma kyauta ya yi wa Allah, bai sayi kujera wa jikoki ba. Akwai wani malamin firamare a cikinmu, mutum natsattse, shekara da shekaru shi ke buɗe ƙofa don addu'ar safe, shi ke fara isa gidan rasuwa. Duk sanda aka kawo sunansa sai a ce ai baƙo ne. 'Ya'yansa duka a garin nan aka haife su.

Fastocinmu ma ba su tsira ba, kuma ku kun fi ni sanin wannan. Fasto ya taɓa babban gida a wa'azi ko a majalisa, sai takardun ƙara su fara isowa ofishinku, sai canjin wurin aiki ya biyo baya. Na taya wani fasto ɗaure katifa da tukwane a bayan a-kori-kura ana tsakiyar zangon karatu, 'yarsa ƙarama tana kuka don ba ta yi sallama da 'yan ajinsu ba. Laifinsa kawai ya ce a kawo lissafin kuɗin rufi. Wanda ya gaje shi ya ga abin da ya faru, ya koyi yin shiru, ba kuwa zan zarge shi ba, yana da yara a makaranta.

Yanzu ku ba ni dama in tsaya a kan abin da ya fi ci mini rai.

Kakana Bamaguje ne. Ciwon kuturta ya kai shi asibitin Yadakunya kusa da Kano a lokacin da 'yan mishan ke kula da shi, a can ya ji bishara, a can ya koyi karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Da ya sami sauƙi ya koma gida, ya ce ba zai ƙara sa hannu a yankan kan gida ba. 'Yan'uwansa suka cire shi daga gandu, suka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ya fito da tabarma da ƙwarya da yatsu guntaye. Wanda ya karɓe shi wani mai bishara ne da ya taso daga ƙasar Filato, Hausarsa ma ba ta gama nuna ba. Ya ba shi ɗaki, ya yanka masa gefen gonarsa, suka ci tuwo a akushi ɗaya a zamanin da mutane ke gudun inuwar kuturu. Da lokacin aure ya yi, mai bisharan ya tsaya masa a matsayin uba, ya nema masa 'yar ƙanwar matarsa. Ita ce kakata. Da a ce ranar nan an tambaya ɗan gidan wa ne, da ba a haifi ubana ba, balle ni.

Kuma ba kakana kaɗai ba ne. Ku bincika tarihin gidajen da yau suke cewa majami'a tasu ce, za ku tarar da wanda aka kora daga gida, ko wanda ya bar garinsu da matarsa da ƙunshin kaya ya tafi bishara inda bai san kowa ba. Har waɗanda suka fara kawo mana labarin, haka suka yi. A Disamba 1893 samari 3 suka sauka a Legas, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Mahaifiyar Gowans ce da kanta ta zuga Bingham ya bi ɗanta zuwa wannan ƙasa. Uwa ce, tana son ɗanta kamar kowace uwa, amma ta sake shi. A kan irin wannan sadaukarwa aka kafa ikkilisiyar da muke zaune a ciki.

To ga abin da muke yi yau. Akwai saurayin da na koyar a ajin baftisma shekarun baya. Ya fito daga gidan da ba na Kirista ba, ranar da ya bayyana bangaskiyarsa ya rasa ɗaki, ya rasa gado, ƙannensa suka daina gaishe shi a hanya. Ya yi watanni yana kwana a ɗakin ajiyar kujeru na majami'a. Ya koyi kafinta, rabin bencin da muke zama a kai shi ya gyara su bai karɓi ko sisi ba. Ranar da ya ba da shaida mun yi ta tafi, mata suka yi guɗa, aka ɗauke shi hoto. Sau 3 ya nemi aure a cikinmu, kuma duk sau ukun yarinyar na so. Gida na farko suka ce ba su san asalinsa ba. Na biyu suka ce in ya koma fa. Na uku suka ce ya turo manyansa, alhali sun san manyansa sun yafe shi saboda Yesun da su ma suke bi. Ba dattijo ko ɗaya da ya ce ni ne babansa, ku zo wurina.

Wata rana da yamma na same shi yana goge katako, ya ajiye abin gugar ya ce mini, "Malam, ka koya mana a Markus 10 cewa wanda ya bar gida da 'yan'uwa da uwa da uba saboda Yesu zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani. Nawa ɗarin suna ina?" Iyayena, ban sami amsa ba. Na dawo gida na buɗe wurin na sake karantawa, ayoyi 29 da 30. Gidaje, 'yan'uwa maza da mata, uwaye, 'ya'ya, gonaki. Waɗannan ba daga sama za su faɗo ba. Gidajenmu ne, 'ya'yanmu ne, gonakinmu ne. Alkawarin Yesu ne, amma a hannunmu ya bar cikawarsa, mu kuma mun rufe ƙofa. Muna aika masu bishara, muna tara baikon bishara kowace shekara, muna roƙon Allah ya kawo mutane. Idan sun zo, ina za mu sa su?

Gwauraye ma suna da tasu. Miji ya mutu, a yi waƙoƙi a yi wa'azin ta'aziyya, kafin mako ya zagayo 'yan'uwan mamacin sun zo sun ɗauke takardar fili da babur da buhunan hatsi, sun bar mace da yara. Waɗannan 'yan'uwa masu cin jibi ne, wasunsu masu riƙe da muƙami. Matar ta kawo kuka, a ce mata maganar gado ta dangi ce, ikkilisiya ba ta shiga. Yakubu ya ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Ban ga inda ya ce sai dai in masu cutar da su danginsu ne ba. Ba zan tsaya a kan taron dangi da ake sawa daidai lokacin sujada ba, ko godiyar iyali da ke cinye sa'a guda a rage wa wa'azi 'yan mintoci. Waɗannan ƙanana ne a kan sauran.

Kada wani ya ɗauki takardar nan ya ce na raina zumunci. Allah ne ya kafa iyali, shi ya ce a girmama uwa da uba. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Yesu yana kan gicciye bai manta da mahaifiyarsa ba, ya danƙa ta a hannun Yahaya. Ya kuma tsawata wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su guje wa ciyar da iyayensu. Saboda haka ba na goyon bayan mai wa'azin da zai ce wa mace ta bar mijinta kwance ba lafiya ta zo taron dare, ko a ce wa magidanci ya zuba kuɗin makarantar yara a asusun gini. Shirye-shiryen majami'a daban, Allah daban. Abin da nake magana a kai shi ne ranar da gaskiya ta tsaya a gefe ɗaya ɗan'uwa ya tsaya a ɗaya gefen. A kan wannan ranar ce Yesu ya ce wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa ko ɗa a kansa bai cancanci zama nasa ba. Sarki Asa ya sauke kakarsa Ma'aka daga sarauta saboda gunkin da ta yi, bai daina zama jikanta ba. Kuma da aka ce wa Yesu mahaifiyarsa da 'yan'uwansa suna waje, ya dubi waɗanda ke zaune kewaye da shi ya ce masu aikata nufin Allah su ne danginsa. Bai rage iyalinsa ba, faɗaɗa shi ya yi har ya ɗauki irin kakana.

Ga abin da muke roƙo.

Ku janye hukuncin nan, ku dawo da maganar yarinyar gaban majalisa. A kira yaron, a ji daga bakinsa, a yi masa abin da aka yi mata, a kuma ɗora wa gidansu nauyin ci da sha da maganin jaririn. In kun ga tsayar da mutum a gaban jama'a bai dace da yaron ba, to bai dace da yarinyar ba, sai a je a ba ta haƙuri a gaban jama'ar da aka kunyata ta.

Ku sa doka a rubuce cewa duk dattijo ko faston da magana ta shafi ɗan gidansa ko surukinsa ya tashi ya fita har a gama. Wannan rahama ce gare shi, domin ba ƙaramin nauyi ba ne a ce mutum ya yanke wa jininsa hukunci. Ma'aji da magatakardan kuɗi da mai bincike kada su fito daga gida ɗaya, a riƙa karanta lissafi a gaban membobi duk wata 3, masu binciken kuɗin rufin nan kuma su zo daga wata majami'a. Kafin a ɗauke fasto saboda takardar ƙara, a zo a ji bakin membobin da ba su sa hannu a takardar ba.

A zaɓen dattawa mai zuwa, ku turo wakili daga gunduma ya karanta 1 Timoti sura 3 a gaban kowa, ya faɗa da bakinsa cewa babu kujerar gado. Ku tuna da Ayyukan Manzanni sura 6: da gwaurayen masu jin Helenanci suka yi kukan ana tsallake su a rabon abinci, mutum 7 da aka zaɓa duk sunayen Helenawa gare su, har da Nikolas mutumin Antakiya wanda shigowa ya yi daga waje. Masu kukan aka miƙa wa ludayin.

Ku kafa ƙaramin kwamiti, da mata a ciki, wanda zai je gidan rasuwa kafin a taɓa kayan mamaci, ya zauna da dangi, ya rubuta abin da aka bari. Memban da ya ƙwace wa marayu gado ya shiga horo kamar mai kowane zunubi.

Na ƙarshe, kuma shi na fi so ku ji: duk wanda ya rasa danginsa saboda bangaskiya, ranar baftismarsa a sanar da gidan da ya zama nasa, da dattijon da zai zama ubansa. Ya ci Kirsimeti a can, in ya kwanta ciwo su yi jinyarsa, in ya ga yarinya su je nema masa da goro da kuɗin gaisuwa. Ni da matata mun riga mun yi shawara, mun gaya wa kafintan nan cewa gidanmu gidansa ne, kuma ni zan tsaya masa. Amma ni malamin aji ne kawai, maganata ba ta da nauyin taku a zauren mutane. Ina roƙon ɗaya daga cikinku ya raka ni.

Ina roƙo a karanta takardar nan a zamanku mai zuwa. In kun kira ni zan zo, tare da uwar yarinyar da biyu daga cikin gwaurayen, sun yarda su yi magana. Yarinyar ta haihu watan jiya, namiji. Zumuntar Mata sun kai mata sabulu da zane, amma har yau ba fasto ko dattijon da ya taka gidan ya yi wa jaririn addu'a. Gidan yana bayan kasuwa, ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, kuma kullum da yamma suna nan.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Ɗanku, malamin ajin baftisma,
a madadin gwauraye, marayu, baƙi da sababbin masu bi na majami'armu.